Inda Ruwa Yake Bi Ya Shiga Jaket ɗin Mai Babur

Ni tela ne a Kano, amma rabona da ɗinka babbar riga an kwana biyu. Abin da aka fi kawo min yanzu kayan masu doguwar tafiya a babur ne: jaket da ta yage a gwiwar hannu, zif da ya ƙi hawa, rigar ruwa da ta fara yoyo. Idan damina ta kankama, musamman cikin Agusta, ƙorafin kusan ɗaya ne. An sayar wa mutum riga an rantse masa ruwa ba ya ratsa ta, ga shi ya isa inda za shi ya jiƙe sharkaf.

Bara wani likitan dabbobi da ke aiki a Gembu, kan tsaunin Mambila, ya zo ganin gida ya ajiye min tasa a kan tebur. "Malam, rigar nan ta ci amanata," in ji shi. "Tun daga hawan Mayo Selbe ruwa ke bin kafaɗata har na isa Nguroje." Na juya ta ciki waje. Yadin lafiyarsa ƙalau. Amma a kafaɗar hagu ya sa an ɗinka masa bajon wurin aikinsa, kuma wanda ya yi aikin ya bi da keke ya huda rigar har ciki, layi biyu. Na ɗaga ta saitin hasken ƙofa na ce, "Likita, leƙa nan." Ramukan allura ne jere reras, haske na fitowa ta kowanne.

Wannan shi ne abin da nake so mai saye ya fara sani. Da wuya ruwa ya ratsa ta tsakiyar yadi mai kyau. Ta ɗinki yake bi, ta zif, ta wuya, ta bakin hannu. Kowane sukan allura ƙofa ce, shi ya sa masu yin jaket ta ƙwarai suke bin bayan kowane ɗinki da wani siririn tef da ake liƙawa da zafi. Kafin ka ciro kuɗi, juya rigar ka bi tef ɗin da ɗan yatsa, daga wuya zuwa hammata. In ya ɗago, ko ka ga cikin rigar yana zubar da farin gari kamar amosani, rufin da ke tare ruwa ya mutu. Wannan ya fi yawa a kayan gwanjo. Ba na hana kowa sayen gwanjo, ni kaina a Ƙofar Wambai na tsinci wadda nake sawa, sai dai rigar da ta daɗe a matse cikin dila takan yi kyau a ido alhali cikinta ya gama aiki.

Matsala ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin ruwan daga jikinka yake fitowa. Rigar ruwa ta leda, irin wadda 'yan acaɓa ke ajiyewa a ƙarƙashin siti, tana tare ruwan sama tsaf, kuma haka take tare gumi. A tafiyar minti goma cikin gari ba laifi. Amma ka bar Kano da rana tana dukan ƙeya, ka nufi Jos ta Saminaka, ka hau tudun da ya kai kimanin mita 1,200, sai gumin da ya taru a bayanka ya koma ruwan sanyi iska tana busa shi. A nan hannu yake sandarewa a kan birki, hankali ya rabu biyu.

Maganin wannan shi ne yadi mai numfashi. Wanda ya fi suna shi ne Gore-Tex, da ya samo asali daga binciken Bob Gore a Amurka a 1969. Wata fata ce siririya mai ƙananan ramuka, ɗigon ruwa ya fi ƙarfin shiga, tururin gumi kuwa yana samun hanyar fita. Yanzu kamfanoni da yawa suna da irin tasu. A jikin takardar rigar za ka ga lamba, 10,000 ko 20,000 na milimita, wato tsawon ruwan da za a tsayar a kan yadin kafin ya fara tsatsa. Mai tafiya a ƙasa 10,000 ta ishe shi. Mai babur kuwa gudu yana ƙara wa ruwan ƙarfin duka a ƙirji, don haka in aljihu zai ɗauka a nemi ta sama.

Sai a duba inda aka sa fatar. A wasu riguna an manne ta da yadin waje sun zama abu ɗaya. Irin wannan ba ta shan ruwa, tana bushewa da wuri, tagoginta na iska suna kaiwa har jiki, amma tsadarta sai mai hali. A wasu kuma fatar tana cikin wata 'yar ciki da ake cirewa da zif. Yadin waje yakan sha ruwa ya yi nauyi, kuma sai ka tsaya gefen hanya ka tuɓe kafin ka sa ta, alhali hadarin damina ba ya jiran kowa. Duk da haka, ga mutumin da zai ratsa zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ya sha ruwan Agusta, ya kuma shiga hunturun Janairu da riga guda, ni wannan ta biyun nake ba shi shawara, muddin tana da tagogi a ƙirji da baya.

Kada neman tsira daga ruwa ya mantar da kai kwalta. Jaket ta babur ta gaske tana da takarda mai lamba EN 17092, da daraja A, AA ko AAA gwargwadon jure gurzar titi. Matasan kafaɗa da gwiwar hannu kuma su nuna EN 1621-1. Ciro su ka gani da idonka, don na sha buɗe aljihun baya na tarar da soso irin na katifa.

Gwaji kuwa a kan babur ake yin sa, ba a gaban madubi ba. Hau, ka miƙa hannu ka kama kan. In hannun rigar ya janye ya bar tsintsiyar hannunka a waje, ko bayanta ya ɗage, ajiye ta. A duba akwai murfin yadi a kan zif ɗin gaba, wuyan kuma ya rufe ba tare da shaƙa ba. Cikin ruwa, cusa bakin safar hannu a ƙarƙashin hannun riga, in ba haka ba ruwan da ke gangarowa zai cika maka safar.

Wajen wanki a guji omo mai ƙarfi da maganin laushin kaya, suna kashe rufin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara. Kada kuma a ninke ta da danshi a jefa cikin buhu.

Shi likita na cire masa bajon, na toshe ramukan da tef daga ciki, na bi da dutsen guga mara zafi sosai da ƙyalle a tsakani. Bajon kuma na mayar masa kan murfin aljihun ƙirji, inda allura ba za ta taɓa fatar ba.