DARASIN CINIKI: MOTAR TAFI-DA-GIDANKA KO GIDAN HUTU?

Darasinmu na wannan fitowa daga ƙasar Amurka muka ɗauko shi, domin a koyi yadda ake ƙididdigar tsadar abu bayan an saye shi.

A can, idan mutum ya tara ɗan abin hannu, musamman wanda ya ajiye aiki, yakan tsaya tsakanin abu biyu. Ko dai ya sayi gida na biyu a bakin teku ko gefen tafki don zuwa hutu, ko kuwa ya sayi wata babbar mota mai ɗaki a cikinta, da gado da madafa da makewayi. Kamfanin Winnebago ya fara ƙera irinta a jihar Ayowa a 1966, amma garin da ya fi shahara da wannan sana'a shi ne Elkhart a jihar Indiyana.

To, mu ƙaddara kowanne dala 200,000 aka saye shi. Wannan misali ne kawai don sauƙin lissafi. Mota dai tun ranar da ta bar wurin dillali kuɗinta ya fara zubewa. In bayan shekara 10 an taya ta 80,000, an yi hasarar 120,000 ke nan, wato 12,000 kowace shekara. Idan mai ita kwana 30 kaɗai yake yi a cikinta a shekara, ashe kowane dare ya kama masa dala 400, tun ba a zo kan mai ba. Shi kuwa mai, manyan cikinsu ba su cika wuce mil 8 zuwa 10 da galan ɗaya ba. Tafiyar mil 2,000 a kan mil 8 za ta sha galan 250. A watan Yuni na 2022 galan ɗin fetur ya kai dala 5 a Amurka, kun ga 1,250 ta tafi a zuwa ɗaya. Ga kuɗin masauki, ga inshora, ga kuɗin ajiya a watannin sanyi, don unguwanni da yawa ba su yarda a girke ta a ƙofar gida. Taya ma tsufa take yi ko motar ba ta motsa ba. Masu ƙera su sun ɗanɗana kuɗarsu a 1973 da 1979, lokacin da mai ya yi wuya kasuwarsu ta faɗi warwas.

Shi gida fa? Yana da nasa ci. Akwai harajin gida duk shekara, da inshora, da gyaran rufi da famfo. In muka sa masa kashi 3 cikin ɗari, 6,000 ke nan, wato dare ɗaya dala 200, alhali uwar kuɗi tana nan a ƙasa. Amma kada a ce gida ba ya faɗuwa. Waɗanda suka sayi gidaje a Fulorida da Arizona gab da 2008 sun ga yadda farashi ya karye, kuma gida ba a kai shi wata kasuwa in ta garinsa ta mutu. Sayar da shi sai an jira wata da watanni, dillali kuma ya yanki la'adarsa.

Wajen haraji, hukumar Amurka takan ɗauki motar a matsayin gida na biyu muddin tana da wurin kwana da na girki da makewayi. Wanda kuma ya ba da hayar gidan hutunsa kwana 14 ko ƙasa da haka a shekara, ba ya biyan haraji a kan kuɗin hayar.

A ganinmu, wanda kwana 30 ne hutunsa, gida ya fi masa. Motar tana biyan wanda zai zauna cikinta wata huɗu ko biyar, kamar tsofaffin da ke taruwa a Quartzsite ta Arizona duk hunturu, domin 12,000 in aka raba ta kwana 150 ta koma dala 80. Ko shi ɗin ma, gwamma ya nemi ta hannu mai shekara biyar, wadda mai ita na fari ya riga ya sha mafi yawan hasarar, ya kuma sa makaniki ya hau rufinta ya duba ko tana yoyo kafin ya ce ya saya.