Idon da Hawaye Ba Ya Yanke Masa

Jama'a, akwai mutumin da za ka gani kullum da ƙyalle a hannu yana share ido, ba kuka yake yi ba, ba kuma hayaƙi ya shige shi ba. Mutane kan ce hawaye ne ya yi masa yawa. Sau da yawa hawayen daidai yake, hanyar fitarsa ce ta toshe.

Hawaye yana fitowa ne daga sama, ƙarƙashin ƙashin gira ta wajen kunne, ya wanke ido, ya gangaro gefen hanci. Ja fatar idonka ta ƙasa a gaban madubi, za ka ga ɗan rami kamar hujin allura a can kusurwa. Akwai irinsa a fatar sama. Nan hawaye yake shiga, ya taru a wata 'yar jaka, ya bi bututu cikin ƙashi ya sauka a hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. To, in bututun nan ya toshe, sai ya zama kamar soron da indararonsa ya cushe, ruwa ya kwanta, ya bi bango. Ruwan da ya kwanta a jakar kuwa ƙwayoyin cuta suke samu, sai kwantsa, sai mugunya, wani lokaci gefen hanci ya kumbura ya yi ja.

Jarirai da dama ana haihuwarsu da wata 'yar tantani da ta rufe bakin bututun. Uwa, kada hankalinki ya tashi, kusan tara cikin goma yakan buɗe da kansa kafin shekara. Ki wanke hannu, ki sa ɗan yatsa a kusurwar idon, ki danna ki shafo ƙasa ta gefen hanci, kamar yadda za a nuna miki a asibiti. Ban da ɗiga nono, ban da kwalli. In an shekara bai buɗe ba, likita yakan sa yaro barci ya zura siririn ƙarfe ya huda tantanin, aikin 'yan mintoci. Amma jaririn da ke hawaye yana gudun haske, baƙin idonsa ya yi girma ko ya yi hazo, wannan wata cuta ce daban mai makantarwa, a kai shi ranar nan.

Na babba ba ya buɗewa da shafa. Ya fi kama mata masu manyan shekaru, yakan kuma biyo bayan karayar ƙashin hanci. Maganin ɗigawa yana kwantar da mugunya, ta sake dawowa. Sakiyar wanzami kuwa tana iya barin rami mai tsiyaya a fuska. Abin da ke raba gardama tiyata ce, wadda wani likitan Italiya, Addeo Toti, ya bayyana a 1904. Ba a wahalar da kai wajen buɗe tsohon bututun. Ana tsaga fata kaɗan a gefen karan hanci, a cire ɗan ƙashi, a haɗa jakar da cikin hanci kai tsaye. Yanzu wasu likitoci ta cikin hanci suke bi da na'ura mai fitila, babu tabo. Akan bar siririyar roba a ciki na wasu makonni ko watanni don kada sabuwar hanyar ta haɗe. Wajen tara cikin goma suna rabuwa da matsalar, kuma ƙwayar idon ba a taɓa ta.

Bayan aiki akan ɗan yi haɓo, kuma a guji fyace hanci har sai likita ya ba da izini.

Mai shirin aikin yanar ido ya fi kowa bukatar kula, domin mugunyar jakar nan in ta shiga idon da aka yanka tana iya kashe idon. Saboda haka in idonka yana hawaye da kwantsa, faɗa wa likita tun kafin a sa rana, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna kake, ko a asibitin ido na ECWA a Kano, ko a wanda ya fi kusa da kai. Zai ɗura ruwa ta ɗan ramin nan na kusurwar ido, in ka ji shi a maƙogwaro, hanya a buɗe take.