Birnin Lisbon Bayan Girgizar Ƙasa Ta 1755

A darasin labarin ƙasa mun koyi cewa ɓawon duniya faifai ne manya manya masu motsi a hankali, in kuwa biyu suka cije da juna, sa'an nan suka kuɓuce gaba ɗaya, sai ƙasa ta girgiza. Yau muna so mu duba abin da kan sami gari da mutanensa bayan girgizar ta wuce. Za mu ɗauki misali da Lisbon, babban birnin Fotugal, wanda ke bakin kogin Tagus, kusa da inda ya shiga Tekun Atlantika.

Ran Asabar, 1 ga Nuwamba, 1755, da hantsi, mutane na cike da majami'u don ranar idi ce ta Kirista, sai ƙasa ta motsa. Asalin motsin yana can ƙarƙashin teku, wajen da faifan Afirka ya haɗu da na Turai. Soraye suka rufta a kan masu ibada. Waɗanda suka tsira suka sheƙa bakin kogi, don nan ne fili, ba su sani ba ajali na jiransu can. Bayan kamar minti 40 ruwa ya janye, sa'an nan ya komo da ƙarfi, ya kwashe su. Kyandirori da murahu kuma suka tā da gobara, ta yi kwana 5 ko 6 tana ci. Fadar Sarki ta ƙone da ɗakin littattafanta, haka babban asibitin birnin. Mutane dubbai goma goma suka hallaka. Ruwan nan bai bar garuruwan gaɓar Maroko ba, har tsibiran Amurka sai da ya kai.

Sarki Jose na Ɗaya ya tsira don ba ya cikin gari ran nan, amma tsoro ya kama shi, har ya rasu a 1777 bai sake yarda ya zauna cikin ginin dutse ba, sai cikin fadar katako a tudun Ajuda. Sai nauyin ya faɗa wuyan wazirinsa, Carvalho, wanda daga baya aka sani da sarautar Pombal.

Abu na fari da Waziri ya yi shi ne kawad da gawawwaki, don gudun annoba. Bisa al'adarsu a harabar majami'u a ke binne mutane, amma yawan ya wuce haka. Da yardar shugaban malaman addini aka loda da yawa cikin jirage, aka nitsad da su a teku. Annoba kuwa ba ta ɓarke ba.

Na biyu, tsaron gari. Kurkuku sun fashe, ɓarayi suna yawo cikin kufai. Aka kira soja, aka kafa gumagumai a wuraren da kowa zai gani, aka rataye mutum fiye da 30. Aka kuma tsare hanyoyi, don kada ƙarfafa su gudu su bar aikin.

Na uku, abinci da wurin kwana. Mun sani in masifa ta auku ba a rasa mai neman riba cikin hawayen ɗan'uwansa. Sai aka yi doka, kada a ƙara kuɗin abinci ko na haya bisa yadda su ke kafin girgizar. Majalisar Ingila ta aika da gudummawar fam 100,000. Aka aza harajin huɗu cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa, don a sami kuɗin gini.

Ba kowa ya yarda da wannan hanya ba. Wani malamin Kirista, Malagrida, ya rubuta cewa azaba ce saboda zunuban birnin, tuba ce magani, ba gini ba. Waziri ya ga maganar na kashe wa jama'a jiki, ya kore shi daga Lisbon, a 1761 kuwa aka kashe shi. Nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Gaskiyar Waziri ce da ya ce a tashi a yi aiki, gama Allah ya ce tashi in taimake ka. Amma ikon da masifa ta ba shi ya mai da shi takobin sare abokan gaba, wannan kuwa zalunci ne.

Na huɗu, sabon gini. Aka hana kowa ya mai da gidansa yadda ya ga dama, sai an gama tsari. Injiniyoyin soja, su Manuel da Maia da Eugenio dos Santos da Carlos Mardel, suka zana sabuwar unguwar tsakiya, a 1758 aka tabbatad da ita. Maimakon lunguna aka yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Cikin bangayen gidaje aka ɗaura katako a gicciye kamar keji, don in ƙasa ta motsa ya tanƙwara, kada ya karye, ya riƙe bene ko da dutse ya zube. Tsakanin gida da gida aka tā da katanga ta zarce rufi, don tare wuta. Aikin bai ƙare ba sai bayan shekara fiye da 100, unguwar kuwa tana nan har yau. Majami'ar Carmo an bar ta ba rufi.

Na biyar, neman sani. A 1756 aka aika wa limaman gundumomi tambayoyi: Girgizar ta daɗe? Teku ya fara janyewa ne ko cikowa? Rijiyoyi sun ƙaru ko sun ƙafe? Mutum nawa suka mutu? Amsoshin suna ajiye, masana na aiki da su har yanzu.

To, kada mu ce abin na nesa ne, gama a 1939 ƙasa ta girgiza a Akara, ta rushe gidaje, ta kashe mutane. Ko ba girgiza, muna da gobara da ambaliya. In mun fita koyarwa, mu nuna wa yara cewa garin da ya yi tanadi shi ke tashi da wuri, domin rigakafi ya fi magani.