Idan Hali Ya Canza Kafin Mantuwa Ta Zo

Iyalan da ke kawo mana mai cutar lalacewar gaban ƙwaƙwalwa ba kasafai suke kukan mantuwa ba. Abin da na fi ji shi ne: "Likita, wallahi kamar an canza shi." Magidancin da aka sani da kunya da kawaici ya fara sakin baki a gaban surukai, ya ɗauki kaya a shago bai biya ba, a yi masa rasuwa amma ko a jikinsa. Wata kuwa ta watsar da girki da yara, ba abin da take nema sai kayan zaƙi. Galibi shekarunsu tsakanin 45 da 65 ne, lokacin da ba wanda zai kawo ruɗin tsufa a ransa. Sai a kama zargin sammu ko iska, wani lokaci har aure ya mutu kafin a iso asibiti. Wannan jinkirin yana ci mini rai ƙwarai.

Cutar, wadda muke kira FTD, tana cin sashen goshi da na gefen kunne na ƙwaƙwalwa, inda kamun kai da tausayi da harshe suke. Likita Arnold Pick ne ya fara bayyana ta a birnin Prag a 1892. Wani nau'inta da magana yake farawa: jimla ta gagara haɗuwa, ko sunan cokali ya ɓace. Haka ta soma wa ɗan wasan fim na Amurka Bruce Willis, wanda iyalinsa suka sanar da ita a 2023.

FTD ta bambanta da sauran cututtukan ruɗin tsufa. Mai cutar Alzheimer yakan manta abin da ya faru ɗazu, ya ɓata a hanyar gida, amma ladabinsa ya daɗe bai gushe ba. Mai FTD kuwa da farko sai ya faɗa maka kwanan wata daidai, har ya ci gwajin tunani. Mai cutar Lewy yana ganin mutanen da babu su, jikinsa ya sandare, yau garau gobe a ruɗe. Cutar da toshewar jijiyoyin jini ke kawowa kuwa takan biyo hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki.

Rarrabewar tana da amfani, domin donepezil da ake ba mai Alzheimer ba ya taimakon mai FTD, yana ma iya ƙara dagula halinsa. Maganin warkewa babu tukuna, amma akwai masu sassauta wasu alamomin.

Marar lafiyar ba ya ganin komai ya same shi, don haka ku zo da wanda ke kwana da tashi da shi. Labarin da zai ba mu da hoton MRI ne madogararmu. Ku faɗa mana idan an taɓa yin irinta a dangi, ko tsokokinsa sun fara rauni. Kafin nan, a karɓi makullin mota da katin banki cikin lalama.