Babbar Mashiga ko Ƙarama: Nazari a kan Haɗa Wufa da Rediyon Mota a Kaduna

1.0 Gabatarwa

Wufa ita ce babbar sifikar nan da ake ajiyewa a but ɗin mota ko ƙarƙashin kujera domin fitar da kaurin sauti, wato muryoyin da girgizarsu ba ta cika wuce 80 zuwa 100 a daƙiƙa ɗaya ba. Ba ta aiki sai da amfilifaya, shi kuwa amfilifaya yana karɓar sauti daga rediyon mota ta ɗaya daga cikin ƙofofi biyu. Wannan maƙala ta kira su babbar mashiga da ƙaramar mashiga. Manufarta ita ce nuna cewa girman da ke cikin sunan na matsin lantarki ne kawai, ba na inganci ba, kuma rediyon da ke jikin mota shi ke yanke hukuncin wadda za a bi. Batun yana da muhimmanci a Kaduna, inda ake sayen waɗannan kaya a shagunan titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Shaikh Abubakar Gumi, a kai wa mai wayarin a Panteka ko Kawo, ba tare da mai motar ya san abin da aka yanka a motarsa ba.

2.0 Bambancin Mashigun Biyu

Ƙaramar mashiga tana karɓar sautin da ba a riga an ƙara masa ƙarfi ba, ta wayar nan mai kai biyu, ja da fari, da ake kira RCA, sunan da ta gada daga kamfanin Amurka da ya ƙirƙiro ta. Matsin lantarkinta yakan kama daga bolt 2 zuwa 4 a yawancin rediyoyin da ake saya daban a ɗaura. Babbar mashiga kuwa daga wayoyin sifikun mota take ɗiba, bayan ƙaramin amfilifayan da ke cikin rediyo ya gama aikinsa. Rediyon da ke ba sifika mai om 4 ƙarfin wat 18 yana fitar da kusan bolt 8 da rabi. Amfilifayan wufa sai ya fara rage wannan matsi kafin ya sake ɗaukaka shi. Ke nan ba ta ƙara wa wufa ƙarfi ko na wat ɗaya.

Idan rediyo yana da mafitar RCA ingantacciya, ita ce zaɓi. Sautin bai ratsa amfilifaya biyu ba, kuma irin waɗannan rediyoyi sukan ba direba damar rage ko ƙara wufa daga gabansa. Rauninta shi ne saurin kwasar ƙara: kukan nan mai tashi da sauka tare da totur daga altaneta yake, kuma galibi rashin kyakkyawan haɗi da ƙarfen mota ke buɗe masa hanya, ko wayar RCA mai arha da aka shimfiɗa kafaɗa da kafaɗa da wayar batir.

3.0 Motocin Kaduna da Rediyon Kamfani

A nan ne maganar ta fi tsawo. Motoci da yawa a titunanmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, irin su Corolla da Camry da Accord, kuma rediyonsu na kamfani ba ya zuwa da mafitar RCA. Sau da yawa shawarar da ake ba mai mota ita ce a cire rediyon a sa mai allon Android. A ganin mai wannan nazari, gaggawa ce. Cire shi na iya kashe maɓallan sitiyari, kuma da dama daga masu arhar rediyoyin nan mafitar RCA ɗinsu ta fi ta sanannun kamfanoni rauni. Babbar mashiga tana barin motar yadda take. Tana kuma da wata fa'ida: yawancin rediyoyi suna ɗora kusan bolt 6 a wayoyin sifika da zarar an kunna su, amfilifaya da dama kuma suna jin wannan su tashi da kansu, ba sai an ja wayar kunnawa ta musamman ba.

Sai dai hatsarinta na hannun mai haɗawa. A irin waɗannan rediyoyi duka wayoyin sifika biyu suna ɗauke da wuta, har da wadda ake kira nagatif. Mai wayarin da ya saba ɗaure kowane nagatif a jikin ƙarfen mota, in ya yi haka a nan, zai iya ƙona rediyon nan take. Haka nan idan aka juya wayoyin ɓangare ɗaya, sautin hagu da na dama za su cinye juna, wufa ta yi ta motsi kaɗan ba kauri, a ɗora laifin a kan kayan. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ma ba ya jure zafin watan Maris da Afrilu da girgizar ramuka. Dalma ko maƙalin waya ya fi.

Motocin da suka zo da amfilifayan kamfani, kamar Camry mai tambarin JBL, shari'arsu daban ce. Wayoyin wasu sifikun an riga an tace musu kaurin sauti, don haka wanda ya ɗiba daga can ya ɗebi abin da babu. Wasu tsare-tsaren kuma suna rage kaurin da kansu idan an ƙara murya, don kare sifikun ƙofa. Ƙari a kan haka, matsin da irin wannan amfilifaya ke fitarwa zai iya wuce abin da babbar mashiga za ta ɗauka. Mafita ita ce ɗiba daga wayar da ke ɗauke da kaurin sauti, a bi da ita ta akwatin sauya sigina mai aiki da wutar batir, wanda ke mayar da babban matsi ƙarami ya fitar da shi ta RCA.

4.0 Daidaitawa

Ko wace mashiga aka bi, maɓallin da aka rubuta GAIN a kansa ba na ƙara murya ba ne, aikinsa daidaita amfilifaya da matsin da ke shigowa. Tun da matsin babbar mashiga ya fi yawa, a kan bar shi ƙasa. Ana kai rediyo kusan kashi uku cikin huɗu na muryarsa, a riƙa ɗaga maɓallin a hankali har sauti ya fara karyewa, sannan a dawo da shi baya kaɗan. Karyayyen sauti shi ke dafa naɗin wayar da ke cikin wufa. Fis kuma a sa shi a wayar wuta kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, domin wayar da ta goge a jikin ƙarfe ba tare da fis ba gobara take jawowa.