Ƙululu a Mama, Kumburi a Wuya

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasar Haɗejiya, daga Auyo har Guri, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe. In allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, sai ya fusata ya bazu. Maganar nan ta kai mata da yawa kushewa.

Ga inda ta samo tushe. Mace za ta ji ɗan ƙululu a mamanta kamar ƙwayar gyaɗa, babu zafi, sai ta yi shiru don kunya. Ya kai ƙwan kaza, a kira wanzami ya yi sakiya, a shafa wannan, a jiƙa wancan. Sai ya fashe yana wari, sannan a ɗauke ta zuwa asibiti. In ta cika, a zaman makoki sai ka ji ana cewa ai ƙarfe ne ya taɓa shi. Shekara gudar da ta yi a ɗaka tana ɓoyo kuwa, ba mai tuna ta.

Ku sani, yawancin ƙululun mama ba daji ba ne, musamman na 'yan mata, wanda ke zillewa ƙarƙashin yatsa. Wanda ya zo wa mai shayarwa da zafi da zazzaɓi, galibi ƙurji ne. Abin tsoro shi ne mai tauri da ba ya motsi, ko fatar mama ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki ko ya riƙa fid da jini, ko kaluluwa ta fito a hammata. Kowace mace ta riƙa lalube mamanta da tafin yatsu a wurin wanka, bayan ta yi tsarki daga al'ada. Maza ma dajin mama yana kama su, sai dai jefi-jefi.

Likita ba ya yanke hukunci da ido. Zai taɓa, ya tura hoto, sannan a sa siririyar allura a tsinko ɗan nama a duba shi a na'ura mai girmama abu. Allurar nan ba ta watsa ciwo, ita ce ma ke bambance mai illa da maras illa. In an kama shi da wuri, wani lokaci ƙululun kaɗai ake cirewa a bar mama. In ya yi girma, a cire maman duka da kaluluwar hammata, a bi da ƙarin ruwan magani, wasu kuma har da gashin na'ura irin wanda ake yi a Shika, Zariya. Rasa mama babban abu ne ga mace, ba mu raina shi ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 670,000 ne ciwon nan ya kashe a duniya a 2022 kaɗai.

Sai maƙoƙo. Asalinsa wata tsoka ce a gaban maƙogwaro wadda ke buƙatar sinadarin ayodin, in ta rasa sai ta kumbura. Ƙasar da ambaliya ke wankewa kowace damina, irin fadamarmu, takan yi ƙarancinsa, kifin kogi kuma, duk daɗin tarwaɗarmu, bai kai na teku yawansa ba. Shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa ayodin a gishirin Nijeriya. A sayi na leda, a rufe shi, kada a bar shi a rana.

Ka ba mai kumburin wuya ruwa ta kurɓa. In kumburin ya hau ya sauko tare da haɗiya, to daga tsokar nan yake. Yawancinsa ba daji ba ne, amma wanda ya taurare, ko yake girma da sauri, ko ya dusashe murya, ko ya hana numfashi in an kwanta, ba a rufe shi da mayafi. Za a gwada jini, a yi hoto, a tsinko da allura. Aikinsa tsoho ne, tun 1909 wani likitan Suwizalan, Theodor Kocher, ya sami kyautar Nobel a kansa. Akan cire rabi ko duka, ana kiyaye jijiyar murya. Wadda aka cire wa duka za ta riƙa shan ƙwaya kullum da safe har iyakar rayuwarta.

Saura ku magidanta, don izini da kuɗin mota a hannunku suke. Kada ku ce a bari sai an girbe shinkafa. Ku fara da babban asibitin Haɗejiya. In sun ba da takarda zuwa Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano, a sayar da akuya a tafi cikin makon nan, a kuma riƙe duk takardun gwaji a leda guda.