Darasin Kula da Babur: In Baƙin Mai Bai Hau Kan Inji Ba Bayan An Sauke Shi

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu babur shi ne motar kai mara lafiya asibiti, shi ne kuma mai kai buhun masara kasuwa. In injinsa ya tsufa mukan sayar da akuya ko hatsi a sauke shi, a sa sabon fistin da ringi. Abin baƙin ciki, wani injin bai kai mako guda da gyara ba sai ya buga. Na taɓa gani da babur ɗin aikinmu, kwana 4 kacal da fitowarsa daga wurin bakanike. Kayan da aka sa masu kyau ne. Baƙin mai ne bai hau sama ba.

Wannan darasi ya shafi babura masu tukunyar baƙin mai a ƙasan inji, kamar Bajaj Boxer da masu inji irin na Honda CG125. Suna cin wajen lita 1. Akwai ƙaramin famfo da ke tsotso man ta cikin rariya, ya tura shi ta wata siririyar hanya zuwa kan silinda inda bawul suke. Yawancinsu ba su da fitilar gargaɗi, don haka idonku da kunnenku ne ma'auni.

Kafin ku bar wurin bakanike, ku tsayar da babur a miƙe a wuri mai daidai, ku duba sandar awo. Sannan a cire fulogi, a yi ta buga kik don famfo ya ja mai, domin bayan wanke inji hanyoyin a bushe suke. A mayar da fulogi, a buɗe murfin tafet, a tayar da inji a sulo, kada a ja totur. Ya kamata ku ga mai yana jiƙa ƙarafan sama kafin minti 1 ya cika. In ba ku gani ba, ku kashe nan take. Kada ku yarda da mai cewa “bari ya yi zafi, zai hau”.

In mai bai hau ba, a fara da abu mai sauƙi. A juye man, a fito da rariyar, a duba ko ta toshe da datti ko guntun tsumma. Daga nan sai gam. Wasu bakanikai sukan shafa gam da yawa a kan gaskit don kada mai ya yi yoyo. In an ɗaure notuna, gam ɗin ya matse zuwa ciki, ya bushe, ya rufe ƙofar da mai ke bi, wadda ƙarama ce ƙwarai. Wannan ne ya kashe injinmu. Haka kuma gaskit da aka kifa a baibai, ko wanda aka yanka da kwali aka manta huda ramin mai. A duba ƙananan zoben roba da ke bakin hanyar man, gama suna da saurin ɓata a cikin ƙasa lokacin aiki, kuma in babu su mai zai zube ya koma tukunya.

Famfon ne na ƙarshe da za a zarga. Bakanike zai iya cewa ku sayi sabo tun farko, amma in hanya a toshe take, sabon famfo ba zai buɗe ta ba. A kwance shi a gani tukuna, ko haƙoransa sun cinye, ko ba a zaunar da shi daidai ba.

In mai ya hau, ku yi tafiya a hankali ba tare da kaya masu nauyi ba, ku yi juye kafin kilomita 500, domin sabon ringi yana zubar da garin ƙarfe. In kun ji ƙarar “tak-tak” daga kan inji tana ƙaruwa, ku tsaya, ku tura babur ɗin da ƙafa zuwa wurin gyara.